Tsohuwar mota da ta daɗe a ajiye: tambayoyi da amsoshi kafin ka murɗa makulli

Tambayoyin nan su ne dai suke ta dawowa duk sanda wani ya gaji tsohuwar mota ko ya sayo wadda ta yi shekaru a gareji an lulluɓe ta da tampol, shi ne na ce bari in tara su wuri ɗaya in huta da maimaitawa. Motocin da nake nufi su ne irin su Peugeot 504, Volkswagen Beetle da Mercedes W123, amma yawancin bayanin zai yi wa kowace mota da ta sha zama.

Lafiyarta ƙalau aka ajiye ta, to me zai lalace a motar da ba a hawa?

Kusan komai in banda gilashi. Mota ba a yi ta don zama ba, zaman ma ya fi cin ta fiye da tafiya. Baƙin mai yana tsiyayewa daga jikin silinda ya koma ƙasa ya bar ƙarfe tsirara, danshi ya shiga tsatsa ta kama, duk wata roba ta bushe ta tsattsage, fetur ya ruɓe a tanki ya zama danƙo, man birki ya sha ruwa, ɓera kuma ya samu gidan haya kyauta. Shi ya sa in mai sayarwa ya ce maka "da ƙafarta ta shiga garejin nan" kar ka ƙaryata shi, wataƙila gaskiya ya faɗa, amma labarin shekara goma da ta wuce yake ba ka, ba na yau ba.

In sa mata sabon batir in gwada kawai mana, in ta tashi shikenan?

A'a, don Allah kar ka yi. Na san hannu yana ƙaiƙayi, ni ma na taɓa yi, amma a daƙiƙa goman farko ake kashe injin da ya jure shekara ashirin yana jira. Kik yana da ƙarfi sosai, in ringi ya manne da bangon silinda zai fizge shi ya karye ko ya kankare bangon, in bawul ya maƙale a buɗe yana iya haɗuwa da fistin, ga famfon fetur zai zuƙo duk dattin tanki ya tura cikin kafireta, ga boris suna juyawa a bushe babu mai. Makulli shi ne abu na kusan ƙarshe. Ka karanta amsoshin da ke kan juya inji da hannu, fetur da baƙin mai tukuna.

To ta ina zan fara?

Da tocila da sukundireba, kafin ka kashe ko kwabo a kan kayan gyara. Ka shiga ƙarƙashinta ka duba tsatsa, domin inji ana gyarawa ko a sauya, amma ruɓaɓɓen shasi shi ne yake cinye aljihu da ran mai mota. Ka ɗaga kafet ka ga faranti, ka duba gindin ƙofofi, wurin da ake kafa jak, inda shokozoba da sifirin suke kama jikin mota, ƙasan tiren batir da ramin safaya. Tsatsar sama-sama mai jan ƙasa ba komai ba ce, wadda ka danna sukundireba ya nutse kamar a biskit ita ce matsalar. Ka ɗauki ɗan maganaɗisu ka bi jikin bodi, inda ya ƙi kamawa to an cusa fila an fente. Kuma kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, balle wadda ba ka san ƙwarin ƙarfenta ba, sa mata matokaran ƙarfe.

Sai maganar ɓeraye. Wata 504 da na taɓa buɗewa bayan ta yi shekara 11 a rufe, da na cire murfin gidan iya filta sai na tarar da sheƙa cike da soson kujerar motar kanta da yagaggun takardu, filtar an cinye rabinta, ka ga da an tayar da ita duk wannan cikin inji zai tafi. Ka leƙa salansa ma, da bayan dashbod inda suke gaigayar waya. Kashin ɓera da fitsarinsa suna ɗauke da cuta, kar ka share a bushe ƙura ta tashi, ka jiƙa da ruwan bilic, ka sa safar hannu da takunkumi.

Ya zan gane ko injin ya kame?

Ka cire fulogai duka, amma ka fara hure dattin da ke gefensu don kar ya faɗa rami, kuma ka yi wa wayoyin alama don kar ka rikita su wajen mayarwa. Ka zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai ko man sassauta tsatsa a kowane rami, ka bar shi kwana biyu zuwa uku. Bayan nan ka sa giya a firi, ka ɗora soket a kan babban notin fulin karanshaf ka juya a hankali ta ɓangaren da injin yake juyawa. In ya yi zagaye biyu cikakku sumul, ka yi hamdala. Na ce biyu saboda sai karanshaf ya zaga sau biyu kamshaf yake zagawa sau ɗaya, ta haka kowane bawul zai buɗe ya rufe. In da hali ka cire murfin bawul ka kalle su suna hawa da sauka, wanda ya sauka bai dawo ba shi ne ya maƙale.

In ya tafi kaɗan ya tsaya cak, tsaya kai ma. Kar ka ƙara wa sifana bututu ka hau kai.

Ya ƙi motsi sam, sai sabon inji kenan?

Ba lallai ba. Ka fara cire fanbel ka sake gwadawa, sau da yawa wata famfo, wato famfon ruwan inji, ce ko altaneta ta kame ta riƙe komai, injin kansa lafiya lau. In har shi ne, ƙara jiƙa shi da mai ka ba shi sati ɗaya ko biyu, kullum ka ɗan rausaya shi gaba da baya ba da ƙarfi ba. Wasu suna saki da haƙuri. In ya wuce haka bai saki ba to a sauke tof, wato kan injin da ya rufe saman silindoji, a gani da ido, galibi za ka tarar ruwa ne ya kwanta a kan fistin ɗaya ta bawul ɗin da ya kwana a buɗe, kuma wannan aikin mai injin gyaran silinda ne. Masu cewa a ja ta da wata mota a saki kuloc don injin ya ɓalle, su ba motarsu ba ce.

Akwai sauran fetur a tanki, in ƙara sabo a kai?

Buɗe murfin ka shinshina. Tsohon fetur ba ya warin fetur, wari yake kamar na banish ɗin katako, kalarsa ta koma kamar ruwan shayi. Fetur yana fara lalacewa cikin 'yan watanni, sassansa masu saurin kamawa da wuta su tashi su bar danƙo, wanda aka gauraya da itanol kuma irin E10 yana jan ruwa daga iska ya kwanta a gindin tanki ya ci ƙarfe. Sabo a kan wannan ɓata sabon ne kawai. A zuƙe shi tas, in mota ta wuce shekara biyu-uku a tsaye gara a sauke tankin a wanke a leƙa cikinsa, in ya huhhuje a nemi wani. Kar a kusanci tankin fetur da walda ko da ka ga babu komai a ciki, tururin shi ne yake fashewa.

Tiyon fetur na roba kuwa ka canza su duka ba tare da ka tsaya dubawa ba, ka nemi masu jure itanol, za ka ga an rubuta SAE J30 R9 a jikinsu. Tsofaffin motoci da yawa da suka ƙone ɗan tiyo mai tsawon yatsa ne ya tsage ya fesa fetur a kan inji mai zafi. Ka sa sabuwar filta, ka duba robar cikin famfon fetur don in ta fashe fetur yana iya zubewa cikin baƙin mai. Kafireta a kwance ta a wanke jet-jet ɗinta da maganin wanke kafireta da iska, banda tsokana da waya domin ramin tagulla ne, yana buɗewa ka ɓata ma'auninsa. Ka jijjiga fulot a kunnenka, in ka ji ruwa a ciki ya huje.

Baƙin man da ke ciki fes yake a jikin gejin, dole sai na juye?

Dole. Ya yi fes ne saboda dattin ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru, ruwa ma can ƙasa yake taruwa tunda ya fi mai nauyi. Ka lura da abin da ya fara fitowa in ka kwance notin ƙasa: in ruwa ne ko wani abu kamar madara, akwai zargin gaskit ɗin tof, ka duba amsar hayaƙi. Ka sa sabuwar filta da mai irin wanda littafin motar ya ce, yawancin injinan shekarun 1960 da 1970 mai kauri irin 20W-50 suke so, kuma ana son mai isasshen sinadarin zinc da ake kira ZDDP saboda kamshaf ɗinsu gogayya yake kai tsaye. Wannan man na wanki ne, bayan tafiya kaɗan za ka sake juyewa, don haka kar ka sayi mafi tsada. Man giyabos da na aksul ma a duba.

Lagireto da bel fa?

Ruwan sanyaya inji yana da maganin hana tsatsa a ciki kuma maganin yana ƙarewa da shekaru. Ka juye, ka wanke da ruwa har sai ya fito fari, ka matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi ƙaras-ƙaras ko ya yi laushi kamar ayaba a jefar. Tamostat a canza. Wata famfo kan fara ɗiga kwana kaɗan bayan an tayar da mota, ka sa ido. Mai Beetle ya huta da wannan tunda iska ce take sanyaya injinsa, sai dai shi kuma ya tabbatar ɓera bai cika gidan fanka da tsumma ba, kuma fanbel ɗin nan shi ne ran injin.

Abin da ya fi muhimmanci: ka gano taimin ɗin injinka sarƙa ce ko bel. 504 da W123 sarƙa ce, amma irin Golf na farko da ya fito a 1974 bel ne na roba. Bel ɗin da ya yi shekaru a lanƙwashe wuri ɗaya ba abin yarda ba ne ko da sabo aka sa kafin a ajiye, kuma a injina da yawa in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. A canza kafin a tayar.

Wane batir zan sa, kuma me ya sa babu wuta a fulogi?

Tsohon batirin ka manta da shi. Amma kafin ka haɗa sabo ka tabbatar da abu biyu: bolt nawa motar take ci, don akwai masu bolt 6 kamar Beetle na kafin tsakiyar shekarun 1960, sannan wane kai ne yake zuwa jikin bodi, domin motocin Ingila da yawa na wancan zamanin kan fositif ne yake kama bodi, akasin na yanzu. In ka juya za ka ƙona kaya. Ranar haɗawa ta farko ka bar kan batirin a sassauce yadda za ka fizge da sauri, ka tsaya kana shinshina ko waya na ƙauri. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna wajen 12.6, in inji na aiki ya kamata ka ga kusan 14.

Rashin wuta kuwa yawanci kwantak ne, wato 'yan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa don kwayil ya ba fulogi wuta, bakinsa yana yin tsatsa-tsatsa ta hana wuta wucewa. Goge shi da 'yar takardar yashi mai laushi ko ka sa sabo da kondensa, a Beetle tazararsa milimita 0.4 ce, sauran motoci ka duba littafi. Ka goge wayar at, wato wadda take kama bodi, da fis-fis ma, rabin abin da ake ɗora wa rewaya datti ne kawai a bakin waya.

Na gama duk wannan, ya ake tayarwar farko?

A fili ko ƙofar gareji a wangale saboda hayaƙin salansa yana kisa ba tare da ka ji warinsa ba. Abin kashe gobara a kusa, mutum biyu, ɗaya a sitiyari ɗaya yana kallon inji. Fulogai suna waje, ka cire wayar wuta daga kwayil, ka yi kik na daƙiƙa goma ka huta, ka maimaita har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zaga ke nan. Ka rufa tsumma a kan ramukan don man da ka zuba zai yi tsartuwa. Sannan ka mayar da fulogai, gidan iya filta a rufe saboda kafireta tana iya aman wuta, ka ja cok ka tayar. Ni na fi son in ba ta fetur daga ɗan galan mai tsabta in tankin bai gama shiri ba.

Ta tashi, kar ka taka totur don jin daɗi. Bar ta a sulo, idonka a fitilar mai da gejin zafi da ƙasan mota. In fitilar mai ba ta mutu ba cikin daƙiƙa kaɗan, kashe.

Tana ta hayaƙi, na shiga uku?

Minti goma zuwa ashirin na farko hayaƙi dole ne, man da ka zuba a silinda ne yake ƙonewa. Wanda ya ci gaba bayan inji ya yi zafi shi ake karantawa. Shuɗi-shuɗi mai take ci, ringi ko robar bawul, kuma ringin da ya manne wani lokacin yana saki da kansa bayan 'yan tafiye-tafiye. Baƙi fetur ya yi yawa, koma kan kafireta da cok. Fari mai kauri da ɗan ƙamshin zaƙi kuma ruwan lagireto na raguwa, gaskit ne. Gwajin kwamfireshan zai raba gardama: silindoji su yi kusa da juna, bambancin kar ya wuce wajen kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya yi ƙasa ka zuba masa ɗan mai ka sake gwadawa, in ya hau ringi ne, in bai hau ba bawul ne ko gaskit.

Tawa mai gas ce, wato dizal, duk ɗaya ne?

Kusan, sai dai babu kwantak da kafireta. Gas ya fi fetur jure zama amma ƙwayoyin cuta suna tsiro inda ruwa ya haɗu da shi su yi baƙar kainuwa mai toshe filta. Bayan canza filta sai an fitar da iska daga layi, a duba hita fulog. Haɗari ɗaya da ya kamata ka sani: in abin da ke daidaita mai a cikin famfon injekta ya maƙale, injin yana iya tashi ya yi ta hawa makulli ba ya kashe shi. Ka ajiye faffaɗan katako kusa da zai toshe bakin shan iska, banda tafin hannu.

Birki yana kamawa da na taka, ba sai in bar shi ba?

Nan ne ba na sassauci ko kaɗan. Motar da ta ƙi tashi kunya kawai za ta ba ka, wadda ta ƙi tsayawa kuwa wani zancen ne. Man birki DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi, shi ya sa ko a motar da ake hawa ake canza shi duk shekara biyu. A wadda ta zauna ruwan ya riga ya ci cikin masta da ƙananan silindojin ƙafa, takun farko zai yi tauri, na ashirin robar ta bi ta kan tsatsa ta yage feda ya tafi ƙasa. Kuma motoci da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960 layin birki ɗaya gare su, wuri ɗaya ya fashe ƙafa huɗun sun tafi.

A buɗe kowace ƙafa. Robobin masta da na silinda sabbi, tiyon roba sabbi, bututun ƙarfe a bi su da ido daga gaba har baya. Tiyon birki yana da wata muguwar ɗabi'a, yana kumbura ta ciki waje kuma fes, sai ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, ni sai da na ga rim ɗin gaba ya yi zafin da yawu ke ƙara a kai sannan na gane abin da ke riƙe min mota. Lainin ma yana ɓarewa daga ƙarfensa. Ƙurar cikin dirom kar a hure ta da iska, tsofaffin lainin da faifan kuloc suna da asbestos, a jiƙa a goge. Kar ka haɗa DOT 5 da sauran, shi na silikon ne, sannan wasu Citroën koren mai LHM suke sha, in ka zuba musu na gama-gari ka kashe duk robobin.

Giya ta ƙi shiga in inji na aiki, amma tana shiga in an kashe?

Faifan kuloc ne ya manne da filawil saboda tsatsa, ko kuma man kuloc ya tsiyaye in na mai ne, fara duba wannan. In mannewa ce, ka bar inji ya yi zafi, ka kashe, ka sa giya babba, ka take kuloc da birki sosai ka ɗan taɓa kik, sau da yawa za ka ji ƙas ya saki. Amma sai bayan an gama aikin birki na sama, kuma babu bango ko mutum a gabanka. In ya ƙi, a sauke giyabos.

Tayoyin ko gashinsu bai goge ba, su ma?

Su ma. Ka nemi rubutun DOT a gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe sati ne da shekara, 2314 yana nufin sati na 23 a 2014. In uku ka gani to kafin shekarar 2000 aka yi ta. Taya mai shekara goma ta gama aiki komai kyan zanenta, balle wadda ta zauna a saɓe wuri ɗaya. Ka yi amfani da su wajen tura mota a gareji kawai. Safaya ma taya ce.

An ce tsohon inji sai da fetur mai dalma, ya zan yi?

Wannan fetur ya ƙare a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe kuma ta daina sayarwa a 2021. Dalmar tana kare mazaunin bawul ɗin salansa, kuma damuwar ta fi shafar injin da tof ɗinsa na baƙin ƙarfe ne mara ƙarfafan mazauni. Masu tof na alminiyom dama da mazauni na daban suke zuwa. In ɗan yawo kake yi ba gudu mai tsawo ba, maganin da ake ɗigawa a tanki ya isa, ka riƙa auna tazarar bawul, in tana raguwa to mazaunin yana nutsewa. Ranar da aka sauke tof sai a sa masu ƙarfi.

Takardu fa, tunda tsohuwa ce ba a ɗauke mata ba?

Ya danganta da ƙasar da kake. A Jamus mota mai shekara 30 da aka riƙe da kamanninta na asali tana iya samun lamba mai harafin H, a Birtaniya mai shekara 40 da ba a yi mata babban sauyi ba ana iya ɗauke mata gwajin shekara-shekara. Ko ina kake dai ka gwada lambar shasi da ta takarda tun ranar farko, kafin ka zuba kuɗi a motar da ba za ta yi rajista da sunanka ba, kuma inshora kafin taya ta taɓa titi.

Fitar farko, nisan ina?

Inda za ka iya dawowa da ƙafa. Ka gwada birki tun kana tafiyar kunkuru, ka ji ko tana ja gefe ɗaya, ka ji wasan sitiyari. Bayan kilomita biyu-uku ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da kowane rim, wanda ya fi sauran zafi yana riƙewa, koma amsar birki. Buɗe bonet ka shinshina fetur, ka leƙa ƙasa. Da ka dawo shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, da safe ɗigon zai nuna maka wane sil ne ya gaji. Ka ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ka tafi da safayar filtar fetur da sukundireba a but don tanki zai ci gaba da sako datti na wani lokaci, bayan kamar kilomita ɗari biyu-uku ka juye man nan na wanki, ka sake ɗaure notocin taya.